Shaihu Muhammadu Al-Kashinawi: Malamin Katsina da Ya Koyar da Lissafin Hatimi a Alƙahira

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda saninsa ya kewaye adadin kome. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa, idan aka ambaci hatimi a yau, abin da ke zuwa zuciyar yawancinmu shi ne takarda da aka zana wa gidaje, aka cika da lambobi ko haruffa, aka naɗe, aka kai wa baduku ya ɗinke cikin fata. Wasu na tsoronsa, wasu na biyan kuɗi masu yawa don su same shi, wasu kuma na ƙyamar ko kallonsa. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa jera lambobin nan wani reshe ne na ilimin lissafi, mai ƙa'idoji da hujjoji, wanda malaman Musulunci suka yi fice a cikinsa, kuma masana ke bincike a kansa har gobe. A wannan karon za mu kawo tarihin wani malami ɗan ƙasar nan da ya ƙware a wannan fanni, har wani babban malamin Azhar ya zauna gabansa ya ɗauki karatu.

Sunansa da ƙasarsa

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani ne, Bakatsine, mabiyin mazhabar Imam Malik. Littattafan Larabci suna rubuta shi da Al-Fulani Al-Kashinawi As-Sudani, domin a rubutun Larabci Kashina ake cewa Katsina, Sudan kuma a wancan zamani suna ne na dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara. Masanin tarihin Masar, Abdurrahman Al-Jabarti, ya ƙara jingina shi ga garin Ɗan Ranko. Ya yi zamaninsa a rabin farko na ƙarni na 12 na Hijira, wato ƙarni na 18 na Miladiyya.

A lokacin babu iyakar da ta raba mu a yau. Ƙasar Katsina ta miƙe arewa har cikin yankin da Maraɗi take, kuma can ne zuriyar sarakunan Katsina na dā suka koma bayan jihadi ya ci birnin a 1807. Don haka malamin nan namu ne duka, na wannan gefe da na wancan.

Katsinar da ya taso a cikinta babbar kasuwa ce, ayarin raƙuma na shigo ta daga Agadas, da Gat, da Gadamas, ɗauke da kaya da takarda da littattafai. Kuma tsohon gari ne na ilimi. Shaihu Al-Magili ya ziyarce ta a ƙarshen ƙarni na 15. Imam Suyuɗi ya aiko da wasiƙar nasiha daga Masar zuwa ga sarakunan Katsina da Agadas. A ƙarni na 17 an yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Ke nan Shaihu Muhammadu ya buɗe ido ya tarar da zaurukan karatu da suka daɗe da kafuwa.

Malamansa

Daga cikin malaman da aka lissafa masa akwai Shaihu Muhammadu Al-Wali ɗan Sulaimanu, Bafulatani na ƙasar Bagarmi, a cikin Cadi ta yau. Wannan shi ne mai littafin Al-Manhajul Farid a kan tauhidi, wanda ya gina a kan ƙaramar aƙidar Imam Sanusi, kuma yana da rubutu a kan haramcin shan taba. Akwai kuma Shaihu Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ne ya ɗauki hisabi, da ilimin sanin lokuta bisa tsarin malaman Magrib, da ilimin haruffa da aufaƙi. Aufaƙi jam'in wafaƙi ne, abin da mu muke kira hatimi.

Ya kamata ɗalibai su lura da abu guda a nan. Bai fara da lambobi ba. Ya bi matakan da kowane almajiri ke bi: Alƙur'ani, fiƙihu, nahawu, lugga, tauhidi. Daga baya ma ya yi rubutu a nahawu da manɗiƙi. A tsarin karatun magabatanmu hisabi yana zaune ne a tabarma ɗaya da fiƙihu, domin wanda bai iya shi ba ba zai raba gado ba, ba zai fitar da zakka daidai ba, ba zai san shigar lokacin salla ta hanyar inuwa ba.

Tafiyarsa gabas

Ya bar gida da niyyar aikin Hajji. Tafiyar wancan zamani ba ta kwana ɗaya ba ce cikin jirgi. Ya ratsa masarautu, yana tsayawa, yana ganawa da sarakuna da malamai, yana koyo yana koyarwa. Ya sauke farali a shekara ta 1142 Hijira, daidai da 1730, ya zauna Makka na wani lokaci, daga nan ya wuce Alƙahira, inda ya ƙare rayuwarsa. Al-Jabarti ya ambaci cewa ya rubuta labarin abin da ya gani a wannan tafiya.

A Alƙahira ya haɗu da Shaihu Hasan Al-Jabarti, malamin fiƙihun Hanafiyya a Azhar, wanda ya shahara da ilimin falaki da lissafi, kuma gidansa matattarar malamai ce. Wannan babban malami ya ɗauki ilimin aufaƙi daga baƙon da ya zo daga ƙasar Hausa. Mun saba jin cewa mutanenmu sun tafi Masar neman ilimi, kuma gaskiya ne. Amma ga wanda ya tafi da nasa guzurin ilimin, wanda ya samo a Katsina da maƙwabtanta, har Masar ta amfana da shi.

Littattafansa

Daga cikin abin da ya rubuta akwai Bahjatul Afaƙ, a kan ilimin haruffa da aufaƙi, wanda ya kammala a shekara ta 1145 Hijira. Akwai Ad-Durrul Manzum, babban littafi a kan ɗalasimai da taurari, wanda ya faro a Makka ya ƙarasa a Alƙahira a 1146. Akwai Manhul Ƙuddus, waƙe a ilimin manɗiƙi, tare da sharhin da shi da kansa ya yi masa. Akwai kuma Bulugul Arab a nahawu. Wanda ya ja hankalin masana lissafi na duniya shi ne na farkon, musamman babin da ya yi bayanin hanyoyin gina hatimi mai gefe mara, wato mai gida 3, ko 5, ko 7, ko 9 a kowane gefe.

Mene ne hatimi a idon mai lissafi?

Hatimi murabba'i ne da aka raba gida-gida, aka jera lambobi daga 1 zuwa adadin gidajen, kowace lamba sau ɗaya, ta yadda jimillar kowane layi kwance, da kowane layi tsaye, da layukan nan biyu da ke ratsawa daga kusurwa zuwa kusurwa, za ta zo daidai. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 3 a kowane gefe:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Ko ta ina aka tara, 15 za a samu. Kuma ba wani asiri ya kawo 15 ɗin ba. Idan aka tara 1 zuwa 9 za a sami 45, aka raba wa layi uku, kowane ya sami 15. Haka nan dole ne 5 ta zauna a tsakiya. Layi huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60. Waɗannan layuka huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. A cire 45 daga 60, saura 15, wanda shi ne ƙarin sau uku na gidan tsakiya. A raba 15 gida uku, ga 5 ta fito. Da irin wannan hujja ake gane cewa kusurwoyi huɗu dole su zama lambobin cika: 2, 4, 6, 8. Idan aka mayar da su haruffa bisa lissafin abajada sai su zama ba, dal, wau, ha. Daga nan ne kalmar Buduhu ta fito, wadda wasu ke rubutawa a laya suna zaton sunan wani abu ne mai ƙarfi, alhali kusurwoyin wannan ɗan jadawali ne kawai.

Akwai ƙa'ida guda da ke ba da jimillar layi a kowane hatimi: a ninka adadin gefe da kansa, a ƙara 1, a sake ninkawa da adadin gefe, a raba biyu. Mai gefe 4 zai ba da 34, mai 5 ya ba da 65, mai 6 ya ba da 111, mai 9 ya ba da 369.

Wannan ilimi ya girmi Shaihu Muhammadu da ƙarnuka. Mutanen Sin sun san mai gefe 3 tun zamanin dā. A ƙasashen Musulunci kuwa an mayar da shi fanni mai tsari: Abul Wafa Al-Buzjani, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 10, ya yi masa littafi, Ibnul Haisam ma ya yi rubutu a kansa. Ya kai ƙololuwa a ƙarni na 11 da na 12. Daga ƙarni na 13 sai amfani da shi wajen tsibbu da duba ya soma rinjayar binciken lissafin, aka riƙa kwafar jadawalai ba tare da sanin yadda aka gina su ba. Masanin tarihin lissafi Jacques Sesiano, wanda ya nazarci babin Shaihu Muhammadu ya buga shi a 1994, ya nuna cewa littafinsa na cikin littattafan baya-bayan nan da suka adana hanyoyin magabata na asali. Wannan ita ce darajarsa: ya koyar da yadda ake ginawa, ta yadda ɗalibi zai iya yin nasa a kowane girma.

Mu gwada hanya ɗaya

Malaman wannan fanni suna aron sunayen tafiyar 'ya'yan shaɗaranji, wato darar da ake yi da doki da sarki da waziri. Ga misali da muka gina da tsallen doki, a murabba'i mai gefe 5. A sa 1 a gidan farko na sama ta hagu. Daga nan a sauka gida biyu, a matsa dama gida ɗaya, a sa 2. A ci gaba haka. Idan tsallen ya fice ta ƙasa, sai a ɗauka kamar layin sama yana manne da na ƙasa, a shigo ta sama. Idan ya fice ta dama, a shigo ta hagu. Duk lokacin da aka sa lamba biyar, wato bayan 5, 10, 15 da 20, za a tarar gidan gaba a cike, sai a hau sama gida ɗaya a ci gaba. Abin da zai fito shi ne:

1  14  22  10  18
25  8  16  4  12
19  2  15  23  6
13  21  9  17  5
7  20  3  11  24

Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya tara da kansa. Ko'ina 65 ne. Ba a yi turare ba, ba a jira wani tauraro ya fito ba, ba a karanta kome ba. Yaron da ya iya ƙidaya zai yi shi a kan allo ko a ƙasa cikin minti biyar. Shaihu Muhammadu kansa ya gargaɗi ɗalibin wannan fanni da kada ya karaya idan lissafi ya ƙi fita, domin ba a cin nasara a cikinsa sai da naci da haƙuri mai tsawo.

Hatimi nawa za a iya ginawa?

Wannan tambaya ce mai sauƙin yi, mai wuyar amsawa. A mai gefe 2 babu ko ɗaya, ba ya yiwuwa. A mai gefe 3, akwai hanyoyi 362,880 na zuba lambobi 1 zuwa 9 cikin gida tara, amma 8 kaɗai ke ba da hatimi. Waɗannan 8 ɗin ma abu ɗaya ne: idan aka juya takardar sau huɗu, sannan aka dube ta ta madubi aka sake juyawa sau huɗu, su ne za a gani. Don haka masana ke cewa hatimi mai gefe 3 guda ɗaya ne tak.

A mai gefe 4 adadin ya tashi zuwa 880, ko 7,040 idan aka haɗa da juye-juyen. Wani Bafaranshe mai suna Frénicle de Bessy ne ya jera su duka da hannu, aka buga aikinsa a 1693 bayan rasuwarsa. A mai gefe 5 hannu ya gaza. Sai a 1973 Richard Schroeppel ya ƙidaya su da kwamfuta a Amurka, ya sami 275,305,224. Da mutum zai rubuta ɗaya kowane minti, dare da rana ba hutu, zai shafe fiye da shekara 500 bai gama ba. A mai gefe 6 adadin ya haura biliyan sau biliyan sau 17. Ƙarin gida ɗaya kawai a gefe, amma ga inda lissafi ya kai.

Daga hatimi zuwa Sudoku

Yaranmu da yawa suna buga wani wasa a waya da bayan jaridu mai suna Sudoku. Murabba'i ne mai gefe 9, an raba shi ɗaki tara, kowane ɗaki gida tara. Ana so a cika shi da 1 zuwa 9 ba tare da lamba ta maimaitu a layi kwance, ko layi tsaye, ko ɗaki ba. A nan ba tarawa ake yi ba, tunani ake yi a kan wace lamba ce ta halatta a wane gida. Duk da haka shi da hatimi 'yan gida ɗaya ne, kuma ga inda dangantakar take.

A koma ga hatimin da muka gina. A ɗauki kowace lamba a yi ta cire mata 5 har sai abin da ya rage bai wuce 5 ba. Layin farko zai zama 1, 4, 2, 5, 3. Na biyu zai zama 5, 3, 1, 4, 2. Haka har ƙasa. Za a ga kowace lamba daga 1 zuwa 5 ta fito sau ɗaya a kowane layi kwance da kowane layi tsaye. Idan kuma aka rubuta sau nawa aka cire 5 ɗin a kowane gida, za a sami wani jadawali na biyu mai irin wannan hali. Ashe hatimin namu jadawali biyu ne marasa maimaici, aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Shi ya sa jimilla ke zuwa daidai.

Irin wannan jadawali shi ake kira murabba'in Latin, saboda Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya yi amfani da haruffan Latin wajen nazarinsa. An haifi Euler a 1707, ke nan shi da Shaihu Muhammadu sun yi zamani ɗaya. A 1782 ya buga bincikensa a kan ɗora irin waɗannan jadawalai biyu, ya yi hasashen cewa a mai gefe 6 ba zai yiwu ba, sai a 1900 Gaston Tarry ya tabbatar da haka. Murabba'in Latin mai gefe 3 guda 12 ne, mai gefe 4 guda 576, mai gefe 5 guda 161,280. Sudoku murabba'in Latin ne mai gefe 9 da aka ƙara wa sharaɗin ɗakuna.

Wasan kansa sabo ne. Ya fara fitowa a wata mujalla a Amurka a 1979, ana danganta ƙirƙirarsa ga Howard Garns. Kamfanin Nikoli ya kai shi Japan a 1984, inda ya sami sunan da aka san shi da shi. Jaridar The Times ta Landan ta soma buga shi a 2004, daga nan ya game duniya.

A 2005 Bertram Felgenhauer da Frazer Jarvis suka ƙidaya cikakkun jadawalan Sudoku, suka sami 6,670,903,752,021,072,936,960. Da mutum biliyan 8 za su zauna, kowa na cika ɗaya a kowace daƙiƙa, za su haura shekara 26,000 kafin su ƙare. Ko kwamfuta ba za ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Dabarar da suka yi ita ce irin wadda muka gani a hatimi mai gefe 3, inda 8 suka koma ɗaya. Suka ce, musanya sunayen lambobi ba ya canza tsari, don haka a tsayar da ɗakin farko a hali guda, daga baya a ninka da 362,880. Sannan suka tattara siffofin layuka uku na sama zuwa 'yan rukunai kaɗan masu hali ɗaya, kwamfuta ta ƙidaya hanyoyin ƙarasa kowane rukuni, aka ninka aka tara. Bayan haka Jarvis da Ed Russell suka lissafa waɗanda suka bambanta da gaske, bayan an cire juyi da musanya, suka sami 5,472,730,538. A 2012 kuma Gary McGuire da abokan aikinsa a Dublin suka tabbatar cewa Sudoku ba zai zama mai amsa guda ɗaya ba sai an ba da aƙalla lamba 17 tun farko.

Kada a ɗauka duk wannan wasa ne kawai. Tun shekarun 1920 masani Ronald Fisher ya shigar da murabba'in Latin cikin gwajin noma a Ingila. Idan ana so a gwada iri biyar na gero a gona ɗaya, kuma wani gefen gonar ya fi wani taki ko laima, sai a raba ta fegi 25, a shuka kowane iri sau ɗaya a kowane layi kwance da tsaye. Ta haka bambancin ƙasa ba zai ruɗi mai gwaji ba. Wannan amfani ne da kowane manomi zai gane.

Abin da za mu ɗauka da abin da za mu bari

Amana ce mu faɗi gaskiya. Shaihu Muhammadu bai tsaya ga lissafi kaɗai ba. Ya yi rubutu a kan ɗalasimai, da tasirin taurari, da asiran haruffa, kamar yadda malamai da yawa na zamaninsa suka yi a gabas da yamma. Wannan ɓangare malamai sun yi magana a kansa tun kafin a haife shi. Ibn Khaldun a cikin Muƙaddima ya nuna kusancin ilimin asiran haruffa da sihiri. Bayansa kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albab ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari. Gaibu Allah kaɗai ya san shi, amfani da cuta kuma a hannunsa suke. Ƙa'idar da muka gada daga Imam Malik ita ce, kowane malami ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa da ita, in ban da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Muna roƙa wa Shaihu gafara, muna girmama iliminsa, ba ma bin sa a abin da ya saɓa wa hujja.

Amma mu dubi kanmu. Daga cikin abu biyu da littafinsa ya ƙunsa, wanne muka riƙe? Jadawalin yana nan cikin layu a wuyan yara, da ƙarƙashin dokin ƙofar shaguna. Hanyar gina shi da hujjar da ta sa yake daidaita kuwa, sai mun je littattafan Turawa muke samun su. Malama Claudia Zaslavsky ta Amurka ta gabatar da shi ga masu karatun duniya a littafinta kan lissafin Afirka a 1973, alhali ɗalibai da yawa a Katsina da Maraɗi da Damagaram ba su taɓa jin sunansa ba. Mun riƙe ɓawo mun zubar da ƙwaya. Kuma maganin ruɗin hatimi yana cikin ƙwayar nan. Wanda ya san dalilin da ya sa 5 ke zama a tsakiya, babu mai karɓar kuɗin gumin sa da sunan wai akwai rauhani a cikin lambobin.

Rasuwarsa

Shaihu Muhammadu ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1154 Hijira, daidai da 1741, a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti. Shi ya bar wa wasiyyar kula da abin da ya bari da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, a sashen da ake kira Lambun Malamai, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kabarin. Fiye da shekara goma bayan haka aka haifa wa Shaihu Hasan ɗa, Abdurrahman, wanda ya girma ya rubuta tarihin Masar mai suna Aja'ibul Asar. A cikinsa ya keɓe wa baƙon gidan mahaifinsa wuri, ya yabe shi da irin yabon da ake yi wa manyan malamai, ya lissafa malamansa da littattafansa. Ta wannan hanya yawancin labarinsa ya iso gare mu. Alherin da aka yi wa baƙo shi ya adana mana tarihin ɗanmu.

Nasiha ga ɗalibai da iyaye

Ga ɗaliban makarantun allo da na Islamiyya, lissafi ba kayan aro ba ne. Al-Khawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka sami kalmar aljabra, ya cika wani babban sashe na littafin da mas'alolin gado da wasiyya. Sau nawa a unguwanninmu rabon gado ke tsayawa wata da watanni, 'yan uwa su ɓata, marayu su jira, don an rasa mai iya fitar da sudusi da sumuni ya daidaita su? Ga ɗaliban boko kuma, wanda ke gudun darasin lissafi ya tuna cewa wani kakansa ya koye shi da tawada da alƙalamin kara, ya kai shi har Azhar.

Muna ba malaman makarantunmu shawara su gwada abu mai sauƙi. A zana gida tara a allo, a ce yara su jera 1 zuwa 9 ta yadda ko'ina zai ba da 15. Idan sun samu, a tambaye su dalili. Sannan a koya musu tsallen doki, a gaya musu sunan malamin Katsina da ya rubuta littafi a kan wannan fanni a Masar kusan shekara 300 da suka wuce. A kuma gaya musu a fili cewa lambobin ba sa warkarwa, ba sa kawo ciniki, ba sa kare kowa daga ƙaddara.

Allah ya jiƙan Shaihu Muhammadu Al-Kashinawi, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa da alheri a kan abin da ya koyar na gaskiya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mana tauhidinmu, ya shiryi zuriyarmu. Amin.